Agwagwa Ɗaya a Jikin Tulu

Tsoho Lou ya tsaya a gaban katafilar, shebur a hannun dama, laima a hagu, jakar kayan zane rataye a kafaɗa. Direban ya danna hon har ya gaji. Da ya ga ba za a matsa ba, sai ya kashe injin ya leƙo ta taga.

"Kawu, lafiya? Da sassafe ka fito neman mutuwa?"

"Akwai abu a ƙarƙashin bishiyar can."

"Gawa?"

"Giya."

Direban ya dubi bishiyar lemon da ta rage ita kaɗai a tsaye, a tsakar gidan da ba shi da sauran bango. Baƙo ne shi, aiki ne ya kawo shi Shaoxing, amma ya rushe unguwanni da dama a garin, ya san abin da mutanensa suke binnewa.

"Ta 'yarka ce?"

"Ta 'yata ce."

"To tono abarka mana."

"Ba ta yi aure ba."

"Shekararta nawa?"

"Talatin da huɗu."

Direban ya kunna sigari, ya busa hayaƙin gefe don girmamawa. "Zan fara da gidan maƙwabcinka," ya ce. "In na ci abincin rana na ɗan runtsa, zan dawo kan bishiyar. Daga nan kuma, Kawu, ba ruwana."

Ranar da aka haifi 'yarsa Suwen, Lou ya yi abin da ubansa ya yi wa nasa 'ya'ya mata. Ya cika tulu da sabuwar giyar shinkafa, ya rufe bakin da ganyen bado, ya shafe da laka, ya binne. Irin wannan tulun hanya biyu kaɗai gare shi ta fitowa. Ko dai ranar auren yarinya, a wanke shi, a manna masa zanen agwagi biyu da baitin waƙa, a buɗe a sha, a raka ta da sauran har gidanta. Ko kuma yarinyar ta rasu ba ta yi aure ba, a tono shi babu zane babu waƙa, a sha kowa kansa a ƙasa. Kakanni ba su tanadi hanya ta uku ba, saboda ba su san katafila ba.

Lou direban bas ne har ya yi ritaya. Bayan rasuwar matarsa hawan jini ya kama shi, likita ya ce ya nemi natsuwa, ya faɗa kamar abu ne da ake sayarwa a kanti. Tsohon maƙwabcinsa Malam Fan, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da adabi a sakandare, shi ya tsara masa magani: zane da safe, ƙoƙo ɗaya na giya da yamma, baiti ɗaya kafin kwanciya. Ya ce da haka mutanen da suka zauna lafiya da sarakuna da ambaliya da matansu.

Lou ya riƙe maganin kamar yadda ya riƙe lokutan tashin bas. Bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa samun natsuwar ba. Gorar da yake zanawa takan fito santal kamar ƙarfen da fasinja ke riƙewa. Kuma yakan cika takarda dam da ganye da duwatsu, har Malam Fan ya dafe kai.

"Bar fili, Tsoho Lou! Wannan ba bas ɗin safe ba ne. Inda ba ka sa tawada ba, nan ne ruwa."

Baitinsa mafi kyau kuwa, wanda Malam Fan ya ce aƙalla babu ƙarya a cikinsa, shi ne: *Gora a tsaye, ni a zaune. Jini bai sauka ba.*

Abin da ya hana jinin sauka, su biyun sun san shi. Suwen ta sayi gida da kuɗinta a Hangzhou, inda take aiki. Da ta kawo masa hotuna tana murna, Lou ya ce macen da ta saya wa kanta gida ta rufe ƙofa ta jefa makullin a kogi, kuma ƙafarsa ba za ta taka gidan ba. Da bikin sabuwar shekara ya zo, ya gayyato wani likitan haƙori cin abinci bai gaya mata ba, ya zaunar da shi kusa da ita. Suwen ta ajiye tsinken cin abincinta a bakin kwano, ta gaida baƙon da ladabi, ta ɗauki jakarta ta fita. Likitan ya zauna ya cinye kifin. Tun daga nan, abin da ke tsakanin uba da 'ya saƙon waya ne. Ita ta rubuto, "Ka sha magani?" Shi ya amsa, "Na sha."

Yana cikin share ɓaraguzai daga gindin bishiyar, sai ga Malam Fan a kan kekensa mai ƙafa uku, yana haki. A baya ya ɗauko wata ƙatuwar tukunyar fure cike da ƙasa, kusa da tukunyar kuma Gwaggo Jin ce zaune, rungume da kujerarta ta naɗewa. Gwaggo Jin ta haɗa rabin aurarrakin unguwar a zamaninta, sauran rabin kuma ta san dalilin mutuwarsu. Ba wanda ya gayyace ta.

"Na zo in ga kada ku yi abin da zai kashe yarinyar mutane," ta ce, tana buɗe kujerar.

"Ba tonowa za mu yi ba, Gwaggo," in ji Malam Fan. "Ƙaura ce. Daga ƙasa zuwa ƙasa. Mu ciro shi, mu sa a tukunyar nan, mu rufe, mu hau da shi barandar sabon gidansa. Ƙasa ai ƙasa ce."

"A hawa na goma sha huɗu?"

"Ƙasa ce mai tsayi."

Gwaggo Jin ta auna maganar, kamar alƙalin da aka kawo wa shari'ar da babu ita a littafi. Can ta ɗaga yatsa. "In bai ga rana ba, bai fito ba. In rana ta taɓa shi ko da ƙiftawar ido ne, to ya fito. Sai ku nemo ango ko ku nemo akwatin gawa."

"Shi ya sa na zo da laima," in ji Lou.

Malam Fan ya riƙe laimar, Lou ya fara haƙa. Ƙasar ta yi tauri. Bishiyar da ya dasa tana ɗan tsiro a saman tulun ta girma ta saki saiwoyi ko'ina, sai da ya riƙa sara da bakin shebur, yana ja da hannu. Gumi ya jiƙa masa riga. Da ya kai zurfin gwiwa, wani ƙamshi ya taso daga ramin, ƙamshin danshi da tsohon ganye, sai ya tsaya cak. Irin wannan ƙamshin ne ya shaƙa a wancan hunturun, yana saurayi mai ƙarfi, yana haƙa yana dariya shi kaɗai, matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da jaririya a cikin bargo, tana yi masa faɗa a kan kada ya fasa mata tukunyar ganye. Ƙofar babu ita yanzu, matar babu ita, jaririyar kuma ba ta kiran waya.

"Tsaya ka huta," in ji Malam Fan. "Ka yi baiti ɗaya, zuciya ta kwanta."

"Baiti sai dare."

"To ka kurɓa kaɗan, ina da ita a kwando."

"Giya sai yamma."

"Kai dai ko natsuwa ta zo wucewa, in ba lokacinta ba ne ba za ka tsaya mata ba."

Gwaggo Jin kuwa tana danne-danne a waya. Ta ɗauki hoton Lou a cikin ramin, ta tura zauren hira na waya na tsofaffin 'yan unguwa, ta rubuta a ƙasa cewa yau Tsoho Lou yana tono giyar 'yarsa. Ba ta ƙara bayani ba, don a ganinta bayani aikin mai magana da yawa ne.

Rana ta kusa tsaka lokacin da shebur ya yi ƙara a kan laka busasshiya. Lou ya ajiye shi, ya durƙusa ya ci gaba da yatsu. Saiwoyin sun naɗe tulun ta kowane gefe kamar hannuwa. Yana kwance su ɗaya bayan ɗaya sai suka ji ƙarar mota. Wata farar mota ƙarama ta bi ta kan ɓaraguzan a hankali ta tsaya kusa da katafila. Suwen ta fito cikin kayan ofis, takalminta na nutsewa a ƙura, wayarta a hannu tana ta ƙyaftawa.

Ta gaida Gwaggo Jin, ta gaida Malam Fan, sannan ta tsaya a bakin ramin tana kallon tsakiyar kan ubanta.

"Baba."

"Kin zo."

"Ina tsakiyar aiki waya ta fara ruri. Kawu na Ningbo ya ce madalla, ɗan gidan wa ne. Ƙawata ta firamare ta ce ta yi fushi ban gaya mata ba. Wata tsohuwa da ban ma san ta ba ta kira, da na ɗauka na ce wa ke magana, sai ta ƙwalla ihu ta kashe."

"Ƙanwar surukata ce," in ji Gwaggo Jin. "Tana da saurin tsorata."

"Ba tonowa nake yi ba," Lou ya ce, bai ɗago ba. "Ƙaura ce."

"Zuwa ina?"

Malam Fan ya nuna tukunyar fure da haɓa, don hannuwansa na kan laima. Suwen ta dubi tukunyar, ta dubi laimar, ta dubi tsofaffin uku. Fuskarta ba ta nuna komai ba. A nan ta yi kama da ubanta sosai.

"Wato za a sake binne ni a baranda."

"Har Allah ya kawo lokaci," in ji Gwaggo Jin. "Akwai wani ɗan ƙanena, matarsa ta farko ce ba ta da haƙuri, amma shi..."

"Gwaggo, na gode."

Lou ya rungumo tulun ya ɗago shi. Bai kai nauyin da yake tunawa ba. Malam Fan ya sunkuyo da laimar yana bin sa taku-taku, har aka dire shi a bakin ramin, baƙi ƙirin, da guntayen saiwa manne a jikinsa. Suwen ta durƙusa ta sa tafin hannu a kan lakar. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe, ta karɓi laimar daga hannun Malam Fan da ladabi, kamar za ta taya shi riƙo, ta rufe ta.

Rana ta sauka a kan tulun.

Gwaggo Jin ta dafe ƙirji. Can a inuwar katafila, direban ya tsayar da cin abincinsa.

"To, ya ga rana," in ji Suwen. "Yanzu sai ka zaɓa, Baba. Amarya ce ni ko gawa? Ka faɗa a gaban mutane, in san abin da zan amsa wa masu kira."

Lou ya tsaya da laka har gwiwar hannu, jijiyar goshinsa tana bugawa. Malam Fan, wanda shiru ke damunsa fiye da komai a duniya, ya yi gyaran murya.

Ya kira Suwen da sunanta na yarinta. "Wenwen, kada ki ga laifinsa da yawa. Tun bara yake koyon zanen agwagi biyu saboda tulun nan. Takardar da ya ɓata ta isa a rufe ɗaki. Ta farkon tana fitowa agwagwa sosai. Ta biyun ce kullum take zama takalmi."

"Malam Fan," in ji Lou.

"Wani lokacin buta."

Suwen ba ta yi dariya ba. Idonta na kan ubanta. Lou ya goge hannuwansa a jikin wando, ya juya ga Gwaggo Jin.

"Kina da jar takarda?"

Gwaggo Jin ba ta fita ba tare da jar takarda ba, don ba a san inda alheri zai tsinci mutum ba. Ta zaro ta daga jaka da sauri, fuskarta ta washe. "Ka ga! Akwai wani ke nan? Ku ne kuke ɓoye mini?"

Lou ya shimfiɗa takardar a kan wani guntun ƙyaure, ya danne gefunan da tsakuwa. Ya buɗe jakarsa ya fito da tawada da alƙalamin gashi. Lokacin zane ya wuce tun ɗazu, kuma bai taɓa zane a wajen lokaci ba. Ya tsoma alƙalamin, ya ja numfashi yadda aka koya masa. Ƙirji, wuya, baki, 'yar wutsiya a ɗage. Agwagwa ta fito a gefen hagu na takardar, kanta a sama, kamar ta san inda za ta.

Ya sake tsoma alƙalamin. Ya kai hannu gefen dama, wurin ta biyun, ya tsaya. Ɗigon tawada ya taru a bakin gashin, ya yi nauyi, ya kusa faɗuwa. Lou ya janye hannun, ya goge ɗigon a bakin kwalba.

"Ina ta biyun?" in ji Gwaggo Jin.

"Nan ruwa ne."

A can saman kusurwa ya rubuta baitin da ƙananan haruffa, duk da dare bai yi ba: *Agwagwa ɗaya. Ruwan ya ishe ta.*

Malam Fan ya sunkuya ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Babu amsa-amo," ya ce. "Ko kaɗan babu."

Suwen ta juya baya tana kallon inda ɗakinta yake a da. Kafaɗunta suka motsa sau ɗaya. Da ta juyo, hancinta ya yi ja, ta ce ƙura ce.

Direban katafila ne ya kawo 'yar shinkafa daga kwanonsa aka murje aka manna takardar a jikin tulun. Lou ya fasa lakar da ƙotar shebur, ya ɗaga ganyen badon da ya zama kamar tsumma. Ƙamshin ya fito a hankali, sannan ya cika wurin gaba ɗaya, ya rufe warin mai da na ƙura, ƙamshi mai nauyi kamar na busasshen 'ya'yan itace da tsohon katako. Giyar ta ƙafe ta koma rabi, ta yi duhu, ta yi kauri kamar zuma.

"Wannan ba a shan ta haka," in ji Gwaggo Jin, wadda har yanzu ba ta yanke hukunci a kan ko biki take halarta ba. "Sai an sirka da sabuwa. Kin gani, Wenwen? Ko giya, in ta daɗe, ba ta zama ita kaɗai."

Malam Fan ya fito da ƙananan kofuna daga kwando. Suwen ta ɗauki ɗaya, ta tsoma, ta ɗaga da hannu biyu wajen ubanta, ta shanye a tashi ɗaya. Idonta ya kawo ruwa. Ta yi tari, ta buga ƙirji.

"Tana shawuwa," ta ce.

Aka miƙa wa direban katafila, ya ɗaga hannu. "Ina kan aiki, Kawu." Lou ya gyaɗa kai, ya dube shi da mutunci a karo na farko. Shi ma duk tsawon aikinsa bai taɓa kurɓar ko ɗigo ba in akwai sitiyari a gabansa.

Sannan aka zuba wa Lou nasa. Ya riƙe kofin da hannu biyu. Ya sha tunanin wannan kurɓin a kan hanya, a cikin cunkoso, a gadon asibiti kusa da matarsa, yana ƙiyasta yadda zai ji a harshe. Ya kai shi kusa da hanci ya lumshe ido.

"Ni zan koma," in ji Suwen, tana lalubo makullin mota. "Ina da taro da yamma."

Lou ya buɗe ido. "Da wace ƙafar za ki taka birki?"

Ta dubi kofin da ke hannunta, kamar yanzu ta fara ganinsa. "Sai in kira direban haya a waya. Yanzu za su turo wani."

"Baƙo."

"Aikinsu ne, Baba. Ka sha abarka."

"Baƙo ya tuƙa tulun nan a kan babbar hanya?"

"Wane tulu?"

"Ai gidan yarinya ake kai sauran." Ya faɗa yana kallon Gwaggo Jin, kamar mai neman fatawa. "Ko ba haka ba ne?"

"Haka ne," in ji Gwaggo Jin. "In tana da gida."

"Tana da shi," in ji Lou.

Ya sake duban kofin. Sannan ya karkata shi a hankali, ya mayar da giyar cikin tulun, bai bar ɗigo ya zuba a ƙasa ba. Ya miƙa wa 'yarsa tafin hannu, ta sa masa makullin.

Suka rufe bakin tulun da ɗankwalin Gwaggo Jin, suka ɗaure da igiyar keke. Lou ya zaunar da shi a kujerar baya, ya ja masa bel, ya gwada ya ga ya kama. Malam Fan ya tsaya da tukunyar furensa cike da ƙasa, yana tambayar wa zai taya shi sauke ta, ba wanda ya ji.

Lou ya zauna a gaban sitiyari, ya matsar da kujerarsa baya, ya gyara madubi. A cikin madubin ya ga katafilar ta tashi, tana ɗaga hannunta wajen bishiyar lemo. Ya ɗan karkata madubin.

"Ban san hanyar ba," ya ce.

"Miƙe kawai, Baba. Zan gaya maka."

"Akwai ƙoƙo a gidan?"

"Akwai kofin shayi."

"Zai yi. Amma sai yamma."

Ya kunna sigina, duk da babu kowa a titin, babu ma titin, ya fita a hankali.